Malam Dikko Mai Ɗakin Kwamfuta

Kullum da hantsi Malam Dikko Tambaya zai buɗe ɗakin kwamfutar da ke bayan tasha a Tambuwal, ya goge allunan sola, ya kunna na'urori biyar ɗin da suka rage, sannan ya zauna bakin ƙofa. A nan mu ɗaliban jami'a masu karatu ta intanet muke ɗaukar darasi. Tun zamanin arzikin man fetur, jihar Sakkwato tana jaririya, ya fara aiki da tafireta. Yanzu yanar ido ta ci ƙarfinsa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. In ba a sami magaji ba, rufe ɗakin za a yi.

Dokarsa ɗaya ce, gayya yake kiranta: duk wanda ya yi awa biyu gaban kwamfuta, zai ba mutanen gari awa ɗaya. Wani ya cike wa manomin Sanyinna fom ɗin taki, wata ta karanta wa tsohuwa takardar asibiti. Mun sha gunaguni, mu a dole 'yan jami'a.

Ni na fi kowa jin kunya a hannunsa. Wata ranar kasuwar Kebbe na ga saƙo wai 'yan bindiga sun tunkaro garin, na tura guruf ɗin ajinmu ban tambayi kowa ba. Kafin azahar saƙon ya bazu har Kebbe, kasuwa ta watse. Ashe ƙarya ce. A turmutsutsin, Inna Madina mai daddawa ta faɗi ta karye a ƙugu.

Malam bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Atu, da idonka kag gani?"

Na ce ban gani ba.

"To tada babur, mu tahi ka ga abin da yatsanka yay yi."

Ya zauna bayana har Kebbe. Inna na kwance kan tabarma, ta dube ni ta ce, "Ba komi ɗana, Allah shi yahe muna baki ɗai." Gara ma a ce zagina ta yi. Har yau da sanda take tafiya, kasuwa kuwa ta bar ta ke nan.

Kai ne, Malam, ka koya mana cewa na'ura ba ta da kunya, sai mai riƙe da ita ya ara mata tasa. Dattijon arziki, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido.

Shekaranjiya na je gaishe shi. Ya lalubo hannuna ya ce, "Cikinku wa za shi amshi mabuɗi?" Mun fi ɗari da muka gama karatu a ɗakin nan. Kowa na yabonsa a guruf, kowa na tura addu'a, amma ba wanda ya ce ga shi. Abin na ci mini rai. Ku da kuke karantawa, ku yi koyi da shi, kada ku yi koyi da mu. Ni ma da ya tambaye ni, ƙasa na duba.