Matar da ta yi kuka a bakin gota

Na rubuta littattafai da dama bayan wannan, amma ranar da na ji kukan matar nan a bakin gota, wato magudanar ruwa ta unguwar Nima, ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a unguwar Mamobi, ina kuma rubuta 'yan littattafan labari na matasa. Ƙanena da ke bi mini yana ƙasar Ayilan, yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Duk watan Maris sai ya cika mini waya da hotunan bikin gargajiya na mutanen ƙasar. Gari kaf ya koma kore, hula kore, riga kore, har karnuka an ɗaura musu koren ƙyalle. Ni dai dariya nake yi masa, in ce, "Kai kuma da koriyar hula a tsakiyar Turawa, wa ya aike ka?"

A cikin tsofaffin da yake kula da su akwai wata dattijuwa da ta ɗauke shi tamkar ɗa. Ita ta ce masa gangar titi ta baƙi ce, ainihin bikin yana cikin labaran da kakanninsu suka bari. Ta riƙa ba shi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana turo mini da murya. Akwai na ɗan guntun mutum mai gyaran takalma, akwai na tsaunukan da ba a nomawa. Amma wanda ya kama ni shi ne na mace mai kuka. Wai takan zauna a bakin ruwa tana taje dogon gashinta, kuma kowane tsohon gida yana da tasa. Idan wani ɗan gidan zai mutu, sai ta zo ta yi kuka don danginsa su ji.

Nan take na ce na samu littafi. Zan ɗauko matar in zaunar da ita a bakin babbar gotar da ta raba Nima da Mamobi, in tsorata yara su ji daɗi, a buga shi daidai lokacin bikin. Na fara rubutu da zumuɗi, har na yi nisa.

Wata Asabar bayan azahar na gangara bakin gotar don in ƙare wa wurin kallo, in kwatanta shi daidai. Rana tana dukan kai. Ruwan yana tafiya a hankali da ledoji a samansa, warin da muka saba yana tashi, can bakin titi yaran mota suna ta kiran fasinja. Ina tsaye kusa da 'yar gadar ƙafa sai duk hayaniyar ta yi ƙasa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Warin ma ya ɗauke. Abin da na shaƙa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ne, ga wani sanyi yana lasar ƙafafuna, a Nima, da tsakar rana.

Sai kukan ya taso.

Tana zaune a gangaren siminti, ƙasa da gadar, ta ba ni baya. Zane ne a jikinta da ya koɗe har ba a gane launinsa. Gashinta fari, ya zubo har yana taɓa ruwa, hannunta yana tafiya a kansa da mataji, sama zuwa ƙasa. Na ɗauka mai taɓin hankali ce, ko wadda aka yi wa rasuwa. Amma na halarci makoki da yawa a unguwanninmu na zango, na san kukan Hausawa, na san na ƙabilar Dagomba, na san na ƙabilar Ga. Wannan daban ne. Yana hawa yana sauka kamar waƙa, kuma ba ta tsayawa ta ja numfashi.

Na ce, "Sannu, Mma. Lafiya?"

Mataji ya tsaya cak. Ba ta juyo ba. Ta ɗan karkata kai kamar mai tabbatar da cewa an ji ta, sannan ta ci gaba a hankali.

Na waiwaya na kira wata mai soya doya da ke saman gadar, na ce ta zo ta ga matar nan. Da na mai da ido, siminti ne kawai da ledoji.

Mai doyar ta leƙa ta ce, "Wane mata? Ei, Madam, ba kowa nan. Rana ya buge ki ne. Sha ruwa."

A nan ne abin ya faɗo mini a rai. Dangi take yi wa kuka. To ni wa nake da shi a ƙasarsu? Na kira ƙanena, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Ban san yadda na ratsa lungunan na isa gida ba.

Na tarar da mahaifiyarmu tana tuƙa tuwo. Na zayyana mata komai a tsaye, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta sauke tukunyar, ta goge hannu a zane, ta zauna ta ce, "Sake kira." Haka muka zauna, ni ina danna waya, ita leɓunanta suna motsi, har la'asar ta wuce, tuwo ya sandare a tukunya.

Dab da magariba wayar ta yi ƙara. Muryarsa ce, a dishe.

"Yaya, dattijuwar nan tawa ta rasu."

Ya ce tun safe yana gefenta riƙe da hannunta, wayar tana cikin jaka. Sai a ranar ya gaya mini cewa ba ta da kowa. Miji ya mutu, 'yan'uwa sun mutu, ɗanta ɗaya tilo ya riga ta. Ban kai ga buɗe baki in faɗa masa abin da na gani ba sai ya ce, "Da safe ta tambaye ni ko yayata tana nan tana rubuta labarin. Na ce e. Sai ta yi murmushi ta ce, to shi ke nan, akwai wanda zai ji."

Wayar ta kusa suɓuce mini. Mahaifiyarmu ta karɓa, ta yi masa gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya rasa uwa, ta ce, "Ka tsaya har a binne ta. Kada ka bari a kai ta ba kowa a bayanta."

Har yau ban ce ga abin da na gani ba. Gaibu na Allah ne, kuma rana tana iya juya wa mutum kai. Littafin dai na gama shi, amma na cire duk wuraren da na sa don a tsorata a yi dariya. Hannuna ya ƙi barinsu.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ba ka labarin gidansu ya sa ka cikin danginsa ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. Tun daga ranar, kafin in rubuta labarin wasu mutane, sai na tambayi kaina ko zan iya zaman makokinsu.