Gwaggo Falmata da Kaucin Tsamiya

Ku da kuka san Gwaggo Falmata a Birni, wa ya taɓa ganin ta tana duban ƙasa? Kullum kai a sama, tana tafe tana tuntuɓe. Yatsun ƙafarta duk tabo ne, don kawai tana leƙen kauci, ciyawar nan da ke tsira a jikin reshe tana shan ruwan itace.

Ni ɗan ƙanenta ne, teburin ɗinkina a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu yake, don haka na sha karatu.

"Mamman, ajiye almakashi! Dubi hammatar ganyen can. Ka ga 'yan furannin kaucin sun fito cunkus kamar ƙwayar gero? Za su miƙe kamar ashana, kawunansu su yi ja. Kuma ba sa buɗewa tare. Yaya tukuna, sannan ƙanne."

"Gwaggo, abin nan kashe itace yake yi."

"Kai ma gidan ubanka kake ci, wa ya sare ka?"

Ta taɓa takawa har Hamdara da ƙafa don an ce tarin furen kaucin gawo ya bambanta da na tsamiya. Ta dawo da ƙuduji a hannu, wai shi ma danginsu ne, shi dai saiwar hatsi yake tsotsa. Manoma suka bi ta da ido, suna tsammanin asiri za ta haɗa.

Ranar da hantarmu ta kaɗa kuwa, shekarar samun 'yancin kai ce. Aka ce kamyo, babbar motar nan, mai ɗauke da tuta zai bi ta unguwarmu, duk reshen da ya tare hanya a sare. Gardi, ɗan sandan bariki, ya iso da mai gatari. Kafin su gama sallama, wallahi tsohuwar nan ta ci ɗamara ta haye tsamiyar! Ta zauna daram a kan reshen mai kauci da za a sare.

Gardi ya ce, "Iya, sauko. Umurnin bariki ne."

"Autar furannin ce ta rage ba ta buɗe ba. Sai tsuntsu ya zo ya tsaga mata baki."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ka sare mu tare."

Ya juyo kaina. "Kai ne namijin gidan? In kamyo ya iso tana sama, kai za ka kwana a kaso."

Sai reshen ya ce ƙas! Kauci ya riga ya cinye cikinsa. Mata suka ɗau salati. Na shimfiɗa hannuwa a ƙasanta.

"Gwaggo, don girman Allah!"

"Rufe mini baki, za ka kore shi!"

Unguwa ta yi tsit, har gardin ya riƙe numfashi. Can sai ga ɗan tsuntsun, bai kai babban yatsa ba. Ya soka baki, furen ya tsage. Ta sauko a hankali, tana dira ƙasa reshen ya biyo ta, rim!

Ta kakkaɓe zane ta dubi gardi. "To, ga aikinku na yi muku. Ba ko sannu?"

Da aka watse na same ta durƙushe tana tsince jajayen furannin cikin gefen mayafi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa ta a inuwar da ba a sarewa. Amin.