Malam Tasi'u Mai Rumbu da Tsallen Ɓera

A wani ƙauye kusa da Zakirai, duk rumbun da ka gani a bayan gida, da wuya in ba Malam Tasi'u ne ya gina shi ba. Ya fi shekara arba'in yana wannan aiki. Ba shi da yawan magana, amma abu guda yake faɗa da ƙarfin gwiwa: tsallen ɓera ba ya kai kamu ɗaya. Shi ya sa yake ɗora kowane rumbu a kan duwatsu, tsayinsu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa.

Bara da kaka ya gina wa ƙanwarsa Aina'u sabon rumbu. Ba a yi wata biyu ba ta zo da ƙwarya, rabi gero rabi kashin ɓera, ta dire masa a gaba.

"Yaya, ba ka ce ba sa kaiwa ba?"

"Ba sa kaiwa mana."

"To wannan aikin wa ne?"

Ya je ya auna duwatsun sau uku. Kamu ne cif. 

Washegari ya kamo ɓeraye uku da rai, ya zuba su a tsohon duro, ya ja layi da gawayi a ciki, daidai kamu ɗaya daga gindinsa. Ya zauna tun hantsi har azahar yana leƙe. Na farko ya yi ta tsalle bai kusanci layin ba. Na biyu ya lafe, ko motsi ya ƙi yi. Da ya ɗan karkata duron don ya ga na uku da kyau, sai ga shi a hannun rigarsa, daga nan ya dira ƙasa ya ɓace.

"Tsalle ya yi, ko da gudu ya hauro?" Aina'u ta tambaye shi.

"Wallahi ban gani ba," in ji shi.

Ya tafi wurin Malam Kamaruddeen, malamin firamare, ya duba masa tsayin tsallen ɓera a waya. Aka ce wajen ƙafa ɗaya, wato bai kai kamu ba. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara rikicewa. Yana da gaskiya ke nan, amma gero na ƙarewa.

Aina'u ce ta gano, wata safiya tana shara. Da idonta ta ga ɓera ya bi jikin dutse ya haye, kamar mai tafiya a kan hanya.

"Ba tsalle suke yi ba, Yaya. Hawa suke yi."

Ya ce, "To duk shekarun nan, me ya sa ba wanda ya taɓa kawo mini ƙara?"

"Kowa yana da kyanwa. Tawa ce ta mutu da damina."

 Da la'asar ya shiga gidan liman ya roƙo mata 'yar kyanwa, ya kawo ta a cikin hularsa.