Garmar da Ta Tsage Tun a Gida

A shekara ta biyu ta farin nan, tun gero bai fitar da kai ba rumbunmu ya ƙare ƙarƙaf. Mu shida ne a gidan: ni, da Inna, da matata, da yara uku. Kwaɗon tafasa muke ci da rana, da yamma a dama dusa. Ana cikin haka wani Alhaji mai babbar gona a hanyar Kunci ya kira gayyar huɗa, ya ce duk wanda ya riga kowa gama kunyoyinsa, buhun dawa nasa ne. Da can don kiɗa da suna ake shiga gasar noma. Mu kam don buhun muka shiga, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa.

Garinmu yana da ƙa'ida. Da safe sarkin noma zai duba garmar kowa, ya ɗaura mata kaba a ƙota, kuma da ita za ka gama. In ta karye a bakin aiki, makaɗa su tsaya, kowa ya dakata har ka gyara da hannunka. Amma in ya gano da ciwonta ta zo daga gida, an fitar da kai ke nan, don kada wani ya zo da ruɓaɓɓiyar garma ya saci hutu da ita.

Tawa kuwa ta tsage a wuyan ƙota tun noman farko. Masassaƙin garinmu ya tafi birni neman abinci, kowa kuma yana riƙe da tasa. Sai na jefa ta a kwatarniyar ruwa ta kwana, itacen ya kumbura, tsagewar ta rufe baki, na shafe wurin da laka. Da safe sarkin noma ya jujjuya ta. Ya ɗaura kabar ya wuce.

A kunyar da ke kusa da ni aka sa taubashina, ɗan kawuna, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Ya ce in bi shi a hankali, in na faɗi zai rufe ni da ƙasa ya ci gaba. Na ce shi da ƙafafunsa kamar kara, iska ma ta ishe shi. Muka yi dariya, amma nasa gidan ya fi nawa yawan bakin ci, kuma su dusar ma ta ƙare musu.

Da hantsi ya yi, rana ta fara shanye ruwan da ke cikin ƙotar. Ina jin ƙarfen yana motsi a hannuna, kowane sara sai gabana ya faɗi. Ba na jin ganga, ba na jin kirarin da ake yi mana, kukan itacen nan kawai nake saurare. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma haushin kaina ya kama ni. Taubashina yana gabana da kunya guda, sauran duk mun bar su a baya.

Saura kunya uku ƙotar ta dare. Kiɗa ya tsaya. Sarkin noma ya zo ya karɓa, ya buɗe wurin da babban yatsa. Duk manomi ya san sabon tsagi fari yake. Nawa baƙi ne wuluk har ciki, ga busasshiyar laka a maƙale. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kalle ni.

"Yau ta yi wannan?"

"Yau ne, Baba," na ce.

Abokin mahaifina ne, ya kuma san abin da ake ci a gidanmu. Ya miƙo mini ita, ya ce in gyara. Na zauna na saɓe ɓawon rama na yi ta naɗawa, ban yi sauri ba, har numfashina ya dawo daidai.

Hutun nan shi ya karya taubashina. Mai yunwa in jikinsa ya yi zafi yana iya tafiya, in ya zauna ya huce sai ƙafa ta ƙi. Da aka sake buga ganga ya miƙe da ƙyar, garmar tana rinjayarsa. Na wuce shi a kunya ta ƙarshe, ban kalli wajensa ba. Aka ɗora mini buhun a kan jaki. Ranar matata ta yi tuwo, yara suka ci har suka bar saura, ni kuwa loma uku na iya haɗiyewa.

Bayan mako guda na ji zai kwashe iyalinsa su nufi kudu, ya bar gonarsa da gero a tsaye. Na auni dawa a ƙwarya na tarar da shi yana ɗaure kaya. Na so in tsokane shi kamar yadda muka saba, sai kawai na miƙa masa ƙwaryar. Ya karɓa ya miƙa wa matarsa, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

"Ni ma na ga baƙin," ya ce. "Ai kusa da kai nake."

Na raka su har bakin hanya. Bai sake dawowa garinmu ba.