Ƙarfen da na cire daga kabarin Barnaba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Barnaba, kuma bana ne karon farko da kabarinsa ya ba ni tsoro. Ba fatalwa nake nufi ba. Barnaba da ransa ma ko akuya ba ta gudunsa. Gicciyen ƙarfe ne da aka kafa a kansa, a bakin gonata, wanda yanzu zai iya jawo wa gidana abin da ba a fata.

Mai gyaran jarida ya yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, mushe malaminmu ya duba kaina da kyau ya ce gero ya fi bukatarsa.

Barnaba Bagurme ne, magini. Ya zo gina gidan likita a ƙauyenmu, arewa da Filinge, aiki ya ƙare shi bai koma ba. Shi da matarsa Marta su kaɗai ne Kirista a garin, shekara talatin. Kowace Lahadi yakan hau keke ya tafi majami'a a Filinge, ya dawo da maganin wannan da takardar wancan, har ba ka ganin keken. Amma aikin da aka san shi da shi haƙar kabari ne. Da an ji kuka ya tashi a wani gida, kafin liman ya laluba takalmansa Barnaba ya isa makabarta da diga. A kawo masa karan geron da aka auna mamaci da shi, ya shimfiɗa, ya sari ƙasa. Ƙasarmu tsakuwa ce, amma ƙaramin ramin ciki yakan fito masa daidai kafaɗa, fuska ga alƙibla, ba gyara. In an kawo gawa sai ya ja baya gindin aduwa, ya cire hula, ya tsaya har a rufe. Bai taɓa shiga sahu ba, bai kuma taɓa fashi ba.

Na sha tsokanarsa. Na ce, "Kai arnen ga, kana ta yi ma Musulmi ɗaki, wa za ya yi maka naka?" Ya ce, "Kai mana, Malam Aji Uku. Na dai san za ya karkace." Wata rana na tambaye shi da gaske abin da yake nema a ciki. Ya ce Ubangijinsa ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, shi kuwa diga ya iya. Bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ranar da zazzaɓi ya ɗauke shi, gari ya rasa inda zai sa shi. Makabarta ba ta yiwu ba, daji kuma kunya ne. Na ce a zo bakin gonata. Maza suka fito har da masu ciwon baya, muka haƙa yadda ya koya mana, da ƙaramin ramin ciki siriri mai kyau, muna ta yaba wa kanmu. Sai ga fasto daga Filinge da akwatin katako a bisa mota. Babu ɗaya cikinmu da ya tuna su a akwati suke binnewa. Akwati ya ƙi shiga, ya tsaya a karkace a bakin rami. Marta tana cikin kuka dariya ta kuɓuce mata, ta dube ni ta ce, "Baban Hamidu, ai ya gaya maka." Muka sake shiga muka faɗaɗa. Maƙerinmu ya haɗa gicciye da ƙarfen tsohuwar amalanke. Da Marta za ta koma Yamai wurin ɗiyarta, ta tsaya a ƙofar gidana ta ce amanar kabarin tana wuyana. Na karɓa da baki cike, don lokacin karɓa ba ta da wuya.

Yanzu kowa ya san yadda ƙasarmu ta Kurfai ta koma. Ana zuwa kasuwa ana waige. Ƙarar babur, wadda a da baƙo take kawowa, yau tsit take sa gari ya yi. Hanyar shanu kuwa ta bakin gonata ta bi. Kafin ruwan farko mutum biyu a kan babur, fuskoki a naɗe, bindigogi a kafaɗa, suka tsaya daidai kabarin. Maƙwabcina Alzuma yana sassabe. Suka daɗe suna kallon ƙarfen, suka tambaye shi gonar wa ce. Ya faɗa, don ba a yi wa bindiga gardama. Suka tada babur suka wuce.

Babban ɗana Hamidu ya same ni a zaure, ko zama bai yi ba. "Baba, ƙarhen ga ya hita. Matata da ɗiyana a wurin ga suka aiki." Na ce amana ce. Ya ce, "Amanar matacce ko ta masu rai?" Na kore shi da tsawa. Maigari bai ba ni umarni ba, ya dai ce in tuna ba ni kaɗai ke gari ba.

Kwana uku ina zuwa kabarin ina yi wa Barnaba faɗa. Me zai ce da ya ga zamanin da ake tsoron ƙarfe biyu a gicciye? Na san ba zai tsere ba. Na kuma san ba shi da taurin kai irin nawa. Daga ƙarshe na kira Marta a salula na zayyana mata. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Hidda shi, Baban Hamidu. Mutumin da bai taɓa barin gawar kowa ta jira a rana ba, ba ya son a yi gawa don shi."

Ni da kaina na cire, da hantsi, a gaban kowa, don kada a ce wani ya tilasta ni. Ya ba ni wuya. Inda na ajiye shi ba maganar jarida ba ce. Na baje tudun ya yi daidai da ƙasa, na koma gida ina jin kamar na sake binne shi, wannan karon ba fasto ba dariya.

Masu babur ba su dawo ba tukuna. Ba na ce ba za su dawo ba.

Da ruwa ya sauka muka fita shuka, maza a gaba da sungumi, mata a baya suna zuba iri. Ban ce wa kowa komai ba. Da layin Hamidu ya kai wurin kabarin, sai ya ɗaga sungumi, ya kewaye, ya ci gaba. Matan ma suka kewaye. Yanzu gero ya kai gwiwa, ga fili tsirara tsawon mutum a bakinsa, duk mai ido zai gani. Alzuma ya ce in an tambaya, tsakuwa ce a wurin, iri ba ya kamawa. Maƙeri ya haddace, maigari ya haddace, liman ya yi tari ya ce shi ma ya lura wurin akwai tsakuwa.

Abin da ya rage na Barnaba ke nan. Ba sunansa a ko'ina, ba alama. Shekara talatin ban ji ƙarya a bakinsa ba, ga shi yau gari guda na Musulmi ya shirya yin ƙarya ɗaya dominsa. Allah Ya yafe mana ita, amma ba mu da niyyar tuba bana.