Tsiwar da ta kusa cinye muryar mahaifiyata

Shekarun baya, ina gyaran rediyo da kwamfuta a Rano, na sayi wata tsohuwar kwamfutar gwanjo, sai na ƙudurta zan ɗauki waƙoƙin daka na mahaifiyata. Injin niƙa ya riga ya kashe turmi a ƙauyenmu Nariya, kuma ita kaɗai ta rage da waƙoƙin a ka.

Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce wa ƙannena "yayanku". Ballantana ta yi waƙa ina zaune. Ƙanwata ce ta lallashe ta, ta yarda bisa sharaɗin in kunna na'urar in bar gidan.

Na ɗauro kwamfuta da janareta a babur, na kunna, na fice. Da na dawo na saurara, sai wata siririyar ƙara, tsiii, kamar sauro a kunne, ta danne muryar. Na ce makirfo ne, na canza. Aka sake, tsiwar na nan. Na ɗora wa janareta laifi, na ja shi har bayan rumbu. Tana nan dai.

Ƙanwata ta same ni a zaure ta ce, "Yaya, Inna ta ce ita ba zabiya ba ce. Sau ɗaya ya rage, in bai yi ba a bar maganar."

Raina ya ɓaci, don na san in ta ce a bari, an bari. Na koma shago na zauna da abin sauraro a kunne kamar mai jiran labaran rana. Can na lura in na motsa linzamin kwamfutar ko na buɗe wani aiki, tsiwar tana canza murya. Ashe ba daga waje take shigowa ba. Duk sanda ƙwaƙwalwar kwamfutar ta ja wuta da ƙarfi, sai akwatin da ke ba ta wuta ya yi kuka, kukan ya bi waya ya shiga sauti. Na kwance akwatin, na tarar da kafasitocin da ke tace wutar sun kumbura kamar ƙosai. Ni da nake gyara wa jama'a, janareta bawan Allah nake ta zagi. Na canza su, na raba wayar makirfo da wayoyin wuta. Shiru tsit.

Aka yi ɗauka ta ƙarshe, ta fito tas, har numfashinta ana ji. Da waƙoƙin suka ƙare, sai na ji a cikin ɗaukar ta tambayi ƙanwata, "Kin kashe abin?" Ƙanwata ta ce ta kashe, alhali ba ta ma san inda ake kashewa ba. Sai mahaifiyata ta yi ƙasa da murya sosai ta ce, "Allah ya yi masa albarka," ta kama sunana, cak, yadda aka raɗa mini.

Da tsiwar nan tana nan, da ban ji ba.

Ta rasu ba ta san na ji ba, ni ma ban taɓa nuna mata ba. Har yau in aka kawo mini na'ura mai ƙara, ba na cewa mai ita ya yi haƙuri da ita haka, sai na gano daga ina take. Waƙoƙin na raba wa dangi duka. Wancan ɗan guntun na ƙarshe kuwa, ni kaɗai nake kunnawa.