Darasin da Na Koyar Bayan Tafiyarsa

Shekarar da yaƙi ya iso kudancin Damazin, ina koyar da tarihi a wata sakandare kusa da Sinja. Ɗaki ɗaya muke da malamin lissafi, mutumin garin Mai Wurno. A duk makarantar shi kaɗai nake Hausa da shi, da saura sai Larabci. Kwano ɗaya muke cin ful, dafaffen wake, da hantsi.

Wata ranar Juma'a ina shirya darasi a kan Amurka da Yaƙin Duniya na Biyu, yana kishingiɗe yana gyara takalminsa. Na ba shi labari: mutanen sun ce ba ruwansu da faɗan Turai, teku ya raba su. Sannu a hankali suka fara sayar wa Ingila makamai, suka koma ba ta aro, suka shiga raka jiragenta. Sai Japan ta faɗa wa jiragensu na ruwa, washegari suka shiga yaƙin.

"Tun ranar da suka sayar da bindiga suka shiga, ustaz," in ji shi. "Ni yaƙin ga namu, ko ruwan sha ba ni ba shi."

Haka yake kuwa. In an zo taron neman 'yan sa-kai, sai ya zame ya tafi bakin kogi.

Bayan kaka aka aiko masa cewa ƙaninsa, mai aikin yankan riɗi can kudu, motarsu ta taka nakiya. Ya je zaman makoki ya dawo, ya daina gardama. Wata safiya na tarar ya naɗe shimfiɗarsa.

"Ina za ka?"

"Inda suka kashe shi."

Na raka shi bakin titi, lori ta ɗauke shi.

Makon da ya biyo na koyar da darasin nan na Amurka. Da na zo wurin harin Japan, na tsaya da alli a hannu har ɗalibai suka fara duban juna. Sauran zangon ni kaɗai nake ci. Har na kan yi wa kaina magana da Hausa ina wanki, don kawai in ji ta.

Shekaru bayan haka na gan shi a kasuwar Damazin, yana ɗingishi, furfura ta cika masa gemu. Ya rungume ni, ya tambayi iyalina da Larabci. Motar da zan hau ta cika, yaron mota yana ta kira, na shiga.